Shafi Biyu a Rana

Ranar Lahadin da ta wuce na shiga kasuwar Tawa neman tabarma, sai na bi ta layin masu kaba. Wata dattijuwa na zaune a bakin rumfa, ta jiƙa kabarta a cikin tasa, tana zaro ɗaya tana tsagawa da farce. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar kabar nan ne ya tsayar da ni. Idan ba ka taɓa zama kusa da mai saƙa ba, ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Wani ƙamshi ne mai sanyi, tsakanin na ɗanyar ciyawa da na sabuwar randa. Na tsaya har matar ta ɗago ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na sayi faifan da ba na bukata, na wuce. Tabarmar ma ban saya ba.

A cikin wannan ƙamshin na koyi son karatu, a gefen kakata, uwar babana. Ƙauyenmu yana arewa da Barmu, a kan tsandauri, inda rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa jaki igiya. Da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, maza suke haɗa kayansu su tafi bida, wato cin rani, wasu Ikko, wasu Abijan, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai mu yara. Babana ba ya zuwa bida saboda ciwon ƙafa. Ƙanensa ne ke tafiya, autan kaka, wanda muke ce wa baba ƙarami.

Ni kaɗai ce mace a gidanmu da aka sa lakwal, makarantar boko. A can da Faransanci ake komai, wanda ya yi Hausa a cikin aji ma sai an hukunta shi. Saboda haka na taso ina ɗauka takarda harshe biyu kawai ta iya: Larabcin allo da Faransancin mushe, kamar yadda muke kiran malamin aji. Ban taɓa zaton tana iya magana irin ta gidanmu ba.

Wata damina, ina aji na huɗu, baba ƙarami ya dawo, ya zazzage jakarsa a tsakar gida, sabulu da atamfa da fitila, sai ga wani littafi mai kauri a ƙasan kayan. Ya ce wani ɗan Sakkwato da suke kwana ɗaki ɗaya ne ya tafi ya bar shi, shi kuwa ya tuna yana da ƴar lakwal a gida. Bangon littafin ya tafi, shafin da ke ɗauke da sunansa da sunan wanda ya rubuta shi ma ya tafi, shi ya sa har yau ban san sunan littafin da ya fi kowane littafi zama a raina ba. Na buɗe na fara haɗa baƙaƙe yadda aka koya mana, ina jiran Faransanci, sai na ji bakina ya ce: wata rana da hantsi. Na rufe littafin na dubi mutane, kamar wani ne ya yi maganar a bayana.

Daminar nan ban yi nisa ba. Ga aikin gona, ga wasu baƙaƙe masu lanƙwasa a ka da ban taɓa gani ba. Sai da aka koma lakwal na ɗaure na nuna wa mushenmu, wani dogo mutumin Damagaram, ina tsoron ya ƙwace. Bai ƙwace ba. Ya ja ni gefe lokacin da yara suka fita wasa, ya rubuta mini baƙaƙen uku a kan allona, ya sa na yi ta faɗin ƙofa da ɗaki da ɓera har na gane. Ya ce in mayar da littafin gida, kada in sake kawo shi aji.

Bayan girbi baba ƙarami ya sake ɗaura kayansa. Da zai fita ya dafa kaina ya ce in gama wannan, kafin ruwan farko zai zo mini da wani.

Kaka ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Aikinta saƙar tabarma da faifai, kullum bayan azahar, da tasar ruwa a gefenta. Wata rana ina zaune kusa da ita ina karatuna a hankali, leɓena na motsi, ta ce in ɗaga murya, ba kyau mutum ya riƙa cin abu shi kaɗai a gaban mutane. Na ɗaga. Labarin wani saurayi ne da ya bar uwarsa da ƙanwarsa ya bi fataken shanu zuwa kudu. Kafin in kai ƙarshen shafi hannun kaka ya tsaya a kan saƙa. Na juya na biyu, na gama, zan shiga na uku ta miƙo hannu ta karɓi littafin. Ta riƙe shi a tsakanin yatsu biyu tana auna kaurinsa kamar mai ƙidayar watanni. Sannan ta tsago siririyar kaba ta sa a inda na tsaya.

“Shafi biyu a rana,” ta ce. “In kin cinye shi yau, gobe mi za mu ci?”

Na yi magiya, ban samu ba. Ita ce mai riƙe da tiyar awon gero a gidan, ita ke shiga rumbu da kanta kowace safiya, kuma ba a taɓa jin ta ƙara wa wani ko tafi ɗaya don ya yi kuka ba. Ta ce ta duba, in muka bi a hankali littafin zai kai mu har ranar da autanta zai dawo da wani. Ta sa shi a cikin adudunta, ƙarƙashin zannuwan da take ajiya, ta rufe.

Haka muka yi watanni. Lokacin sanyi muna jingina da katangar da rana ke bugawa, ita da bargo a kafaɗa, ni da littafi a cinya. Da zafi ya shigo muka koma ƙarƙashin aduwar da ke bayan ɗakinta, inda ƴar iska ke ratsawa. Shafi biyu ba su da yawa, amma kaka ta iya jan su. Takan sa in maimaita wuri, takan tsayar da ni ta yi wa saurayin faɗa in ya amince da wanda bai kamata ba, takan tambaya ko an faɗi abin da ya ci a ranar. In marubucin bai faɗa ba sai ta girgiza kai, ta ce wannan bai san zafin ɗa ba. Ni kuma tsakanin azahar ɗin yau da ta gobe ina ɗauke da shafukan nan biyu a kaina, a hanyar rijiya, a bakin turmi, ina juya su, ina ƙoƙarin hango abin da zai biyo baya. Har yau akwai jimlolin da zan iya kawo maka daga ciki ba tare da tuntuɓe ba.

Ban lura da wuri ba cewa kaka ta daina bambanta saurayin littafin da autanta. In ya kwana lafiya a wani zango, ranar tana saƙa tana ƴar waƙa. In ya yi zazzaɓi, sai ta kasa cin tuwo.

Tsakiyar bazara aka yi rasuwa a danginmu na Takanamat, kaka ta tafi gaisuwa za ta kwana biyu. Na yi ta kewaya ɗakinta tun safe. Wajen hantsi na shiga na buɗe adudun. Na ce wa kaina shafi ɗaya kawai zan leƙa. Na ɓuya a inuwar bayan rumbu, kuma ban san lokacin da rana ta karkata ba. Washegari na koma. Kafin la'asar na kai shafin ƙarshe.

Saurayin bai dawo gida ba. Ciwo ya kama shi a wani gari inda ba shi da kowa, ya rasu a zauren wani mahauci da ya ba shi wurin kwana, abokin tafiyarsa ne ya kawo wa uwar labari. Na zauna a bayan rumbun nan da littafi a rufe. Abu biyu ne suka danne ni lokaci ɗaya: abin da zan karanta wa kaka nan gaba, da kuma sanin cewa ya ƙare. Babu sauran gobe a cikinsa. Na mayar da kabar daidai inda take, na shimfiɗa zannuwan yadda na same su.

Da kaka ta dawo muka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Motoci suka fara sauke maza a bakin hanya da jakunkuna da rediyoyi, kowane gida ana guɗa. Aka yi ruwan farko, aka yi shuka. Baba ƙarami bai zo ba. Waɗanda suka tafi tare suka ce tun cikin sanyi ya rabu da su, ya ce ya ji labarin aiki a wani gari can gaba, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Babana ya bi gida gida yana tambaya, ya je har Tabaram wurin wani da aka ce ya gan shi, ya dawo ba labari.

Kaka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ta yi kawai, ta auna sauran littafin da yatsunta, ta ce daga yau shafi ɗaya.

Sauran bai fi shafi goma sha biyu ba, kuma na san abin da ke cikin kowanne. Ranar da muka kai inda saurayin ya fara jin jiri a kasuwa, na dubi fuskar kaka, sai na ji ba zan iya ba. Na kafa idona a kan takarda na fara ƙirƙira. Na ce ya sha magani ya warke. Washegari na ba shi aiki wurin wani attajiri mai kirki. Rana ta uku na sa ya sayi atamfa da turare zai kai wa uwarsa, har na sa shi a mota. Ina jin daɗin kaina, ina ganin na iya.

A rana ta huɗu, ina cikin bayanin garuruwan da motar ke wucewa, kaka ta ce, ba tare da ta ɗago daga saƙarta ba:

“Kwana ukku ke nan ban ji kin juya takarda ba.”

Ta ce tun ranar da ta dawo daga Takanamat ta san na riga ta, don zannuwanta ba haka take ninke su ba, kuma mai karatun da ya san abin da ke gaba muryarsa ba ta rawa a inda ya kamata ta yi rawa. Ta bar ni ne kawai. Amma wannan na yanzu ba za ta karɓa ba. Ta ajiye saƙar, abin da ban taɓa ganin ta yi a tsakiyar layi ba, ta goge hannunta a zane.

“Hwaɗa min abin da aka rubuta. Duka, yau.”

Na karanta. Ina yi ina kuka, majina na zuba, ina goge ta da bayan hannu don kada ta ɗiga a takarda. Gero ya fara tasowa a lokacin, ina jin muryoyin masu noma daga gonakin bayan gari, akuya na ta kuka a turke. Kaka ba ta katse ni ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe ta dubi tasar ruwan da ke gabanta. Sannan ta tambaya ko an yi mishi sutura. Na ce an yi, mahaucin ne da maƙwabtansa suka yi masa wanka suka sallace shi.

“To,” ta ce. “Akwai mutanen kirki ko'ina. Allah shi jiƙan shi.”

Ta ɗauki saƙarta ta ci gaba. Sai bayan na girma na gane abin da take nema a wannan tambayar, da kuma dalilin da ya sa ƙaryata ba ta yi mata amfanin komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ba na son tunawa. Azahar ta yi, kaka na saƙa, ni ina zaune hannu ba komai. Babu wani littafi a ƙauyen sai na aji, waɗanda mushe ke kullewa a akwati in an tashi. Na karanta gwangwanin tumatir, na karanta kwalin shayi, na karanta rubutun da ke jikin buhu. Ina ganin a nan ne wani abu ya shiga jikina wanda bai fita ba har yau. Bayan kamar mako biyu kaka ta buɗe adudu da kanta, ta miƙo mini littafin ta ce mu koma farko. A wannan karon, da muka zo inda saurayin ke sallama da uwarsa, ta ce a hankali, “Kar ka tahi,” sannan ta ce in ci gaba.

Baba ƙarami ya dawo, amma sai a damina ta gaba. Ya rame har sai da ya yi magana aka gane shi. Ya yi doguwar jinya a wani gari, wata mai sayar da abinci da mijinta ne suka riƙe shi har ya tashi. Jakarsa ba komai sai kayan jikinsa. Kaka ta zaunar da shi ta riƙa shafa fuskarsa da hannu biyu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙen jakar. Da na buɗe baki zan tambayi littafina, innata ta yi mini wani kallo, na haɗiye maganar. Shi ma bai taɓa tunawa da alkawarin ba, ban kuma taɓa tuna masa ba. Mun karanta littafin nan ni da kaka sau biyar kafin ta rasu.

Da na ci jarrabawa aka kawo ni Tawa, na zauna wurin gwaggona. A nan na fara ganin ɗakin karatu, inda ake ba mutum aron littafi biyu na mako biyu. Ba na duba sunan littafi ko abin da ya ƙunsa. Kauri nake dubawa. Kuma duk lokacin da nake karatu babban yatsana na dama yana kan sauran shafukan, yana auna su, in suka fara sirancewa sai in ji gabana na faɗuwa, in rage sauri, in tashi in yi shara don kawai in ja lokaci.

Yanzu ni ma malamar lakwal ce, na kusa ajiye aiki. Littattafaina suna cikin salula. Akwai zauren da muka buɗe a waya mu malamai mata, kullum sai wata ta turo sabo, na Hausa da na Faransanci, wasu ma ana rubuta su ne ana turowa babi babi. Da na duba kwanan baya, sun haura ɗari huɗu. Ba zan yi maka ƙaryar cewa da can ya fi yanzu ba. Na ga ƴan mata a ƙauyenmu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna karatu da Hausa, ba wanda ya jira wani ya dawo daga bida, na ji daɗi har cikin raina. Idona ma ya fara gajiya, kuma a waya ina iya buɗa baƙaƙen da yatsu biyu su yi girma yadda nake so.

Sai dai karatun nawa ya canza, kuma ban san ranar da ya canza ba. Ina buɗe littafi in ɗanɗana shafi uku, in bai kama ni ba in rufe in buɗe wani. Ina tsallake duk inda ake bayanin gari ko yanayi, in nemi inda ake magana. Yatsana ba shi da abin aunawa, waya kaurinta ɗaya ko a farkon labari ko a ƙarshensa, sai wata ƴar lamba a ƙasa da ba na ko kallo. Sau da yawa labari kan ƙare mini ba shiri, kafin in ji wani abu kuma na riga na shiga na gaba. Watan jiya wata abokiyar aikina ta tambaye ni yadda wani littafi ya ƙare, wanda ni na tura mata na ce ta karanta. Na yi ta lalube a kaina, ban samu ba.

Ƴar autata, wadda ke lise, wato babbar sakandare, ta fi ni gaskiya a wannan. Ita ƙarshe take fara dubawa. In ta ga ba zai yi daɗi ba sai ta goge, ta ce ga wasu nan birjik, don me za ta sa wa kanta baƙin ciki. Na so in yi mata faɗa, na rasa ta inda zan fara, don ban tabbata na fi ta ba. Ita ba ta san tsoron ƙarewa ba sam. Abin da take tsoro kawai a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, wayarta ta mutu.

Ni ce dai tsoron bai saki ba, kuma abin yana ba ni mamaki. Na ɗauka wanda ya samu abin da ba zai iya gamawa ba zai huta. In zan je ƙauye na kwana uku, sai na cika waya da caji, na ɗauki ƙaramin batirin ajiya, na sauke sababbin littattafai kamar ashirin a kan waɗanda ke ciki, alhali na san daga gaishe-gaishe sai zaman tsakar gida, ko shafi ɗaya ba zan buɗe ba. Da likitan ido ya ce mini hawan jini ya fara taɓa ganina, in rage kallon waya, a hanyar gida na yi wani lissafi a zuci: ko da zan gama littafi ɗaya kowane mako, abin da ke cikin wayar nan ya fi ƙarfin shekarun da nake sa ran idona zai ba ni. Na tsaya a bakin titi, masu babur na wucewa, ina jin abin yana sauka a jikina. Littattafan ba za su ƙare ba. Wannan karon ba su ne za su fara ƙarewa ba.

Na isa gida na yi alwala, na yi la'asar, na zauna a kan darduma. Wayar ta yi ƙara a gefena. Wata malama ce ta turo littattafai talatin a haɗe, ta ce wata ƴar'uwarta ce ta aiko mata daga Maraɗi, kowa ya ɗauka kafin a goge. Na daɗe ina kallonsu. Na san ba zan karanta su ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sauke su duka.